Giwa ta Shigo Gari: Nasiha Game da Na'urorin Zamani da Neman Ilimi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali, Ya hore masa harshe da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, malamin farko na wannan al'umma, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin iyaye cikin ƴan shekarun nan. Ana tare mu da ita a ƙofar masallaci bayan La'asar, ana kuma aiko mana da ita ta bakin mata masu zuwa makarantar dare. Yaro ya dawo gida ya ce shi ba zai iya karatu ba sai an saya masa babbar salula, domin abokansa a cikinta suke bita, mushe ma ta WhatsApp yake aiko da aikin gida. Uba ya rasa ta cewa. In ya hana, yana tsoron ya tauye ɗansa a bar shi a baya. In ya saya, yana tsoron ya zuba masa garwashi a aljihu da hannunsa. Wani sai ya sayar da akuya ko ya taɓa hatsin rumbu kafin kuɗin su cika, bayan wata uku kuma ya ga yaron ya ƙara rama, idanu sun yi ja don rashin barci, karatun kuwa yana nan inda yake. To, mene ne gaskiyar al'amarin? Na'urorin nan suna ƙara ilimi ne ko suna cinye shi?

Kafin mu amsa, bari mu koma Madina, zamanin Imamu Malik ɗan Anas, Allah Ya yi masa rahama, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Malaman tarihi sun kawo labarin cewa wata rana yana zaune yana karantarwa, almajirai sun kewaye shi, sai aka yi shela a waje cewa ga giwa an shigo da ita gari. Giwa kuwa ba dabbar ƙasar Hijaz ba ce, da yawansu sai dai su ji labarinta. Nan take majalisi ya watse, kowa ya ruga kallo. Mutum ɗaya ya rage a zaune, wani ɗalibi da ya taso tun daga Andalus, ana ce masa Yahaya ɗan Yahaya Allaisi. Malik ya tambaye shi abin da ya hana shi fita alhali ƙasarsu babu giwa. Ya amsa da cewa abin da ya raba shi da gida shi ne ya ga Malik, ya koyi iliminsa da halinsa, kallon giwa ba ya cikin abin da ya kawo shi. Wannan amsa ta burge Malik har ya yi masa laƙabi da mai hankalin mutanen Andalus. Muwaɗɗar da ake karantawa yau a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa, ruwayar wannan Yahaya ce.

Giwar Madina sau ɗaya ta shigo, kuma a waje ta tsaya. Giwar zamaninmu a aljihun yaro take kwana, tana kiransa da ƙara da girgiza tun daga Asuba har tsakar dare. Abin da ya sa al'amarin ya yi wuya shi ne, a cikin cikinta ne kuma aka zuba Alƙur'ani da hadisi da darasin lissafi. Malam da giwa sun haɗu a akwati ɗaya, yaro ɗan shekara goma sha biyu kuma aka bar wa zaɓi.

Ba za mu ce muku na'ura haramun ce ba, domin ba mu da hujjar faɗin haka, kuma halattawa da haramtawa ba wasan yara ba ne. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya yi zane a ƙasa domin ya fahimtar da sahabbai, ya ja layi miƙaƙƙe ya ja waɗansu a gefensa, kamar yadda Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ya ruwaito. Bayan yaƙin Badar, waɗansu fursunoni sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Shi kansa allon da muke ƙauna kayan aiki ne, itace ne da aka sassaƙa, haka takarda, haka injin ɗab'i. Dattawan da ke cikinmu sun tuna yadda ake zagaye akwatin rediyo da azumi ana sauraren tafsiri daga Kaduna, na Shehu Abubakar Gumi da na Shehu Ɗahiru Bauci, sun kuma tuna zamanin kaset, lokacin da direban babbar mota ke tashi daga Maraɗi zuwa Agadas yana jin wa'azi har ya isa. A ƙasar Masar, a shekarar 1961, aka fara naɗar Alƙur'ani gaba ɗayansa da muryar Shehu Mahmud Halil Alhusari, bayan ƴan shekaru kuma ya naɗi ruwayar Warshu wadda muka gada. Allah kaɗai Ya san yawan makafi da tsofaffi da matan aure da makiyaya da suka gyara Fatiharsu ta wannan hanya. Wanda ya musanta wannan alheri bai yi adalci ba.

Sai dai akwai wani abu da Sayyidina Usmanu ɗan Affan (R.A.) ya yi wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Da ya sa aka rubuta Mus'hafai domin a aika manyan biranen Musulunci, malaman ƙira'a sun ambata cewa bai aika takarda ita kaɗai ba. Kowane Mus'hafi ya haɗa shi da makaranci wanda zai zauna ya karantar da mutanen garin: Abdullahi ɗan Sa'ibu a Makka, Abu Abdurrahman Assulami a Kufa, Mugira ɗan Abi Shihabi a Sham, Zaidu ɗan Sabitu kuwa a Madina. Mus'hafi shi ne mafi girman kayan koyarwa da aka taɓa yi a wannan al'umma, amma duk da haka Halifa bai yarda ya tafi babu mutum a bayansa ba. Haka Nana Asma'u ƴar Shehu ta yi a ƙarni na 19 a ƙasar Sakkwato: ta tsara karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa domin matan ƙauye, ta kuma naɗa jajis, mata dattijai amintattu, su ne ke ɗaukar karatun su kai, su zauna da ƴan taru su biya musu. A nan ne amsarmu take. Kayan aiki yana amfani gwargwadon mutumin da ke tsaye a bayansa, da kuma bukatar da ke gaban mai koyo.

Mu ƴan Nijar bai kamata a ba mu labarin wannan ba, domin ƙasarmu tana cikin na farko a Afirka da suka jarraba koyarwa da na'ura. A shekarar 1964, shekara huɗu kacal bayan samun mulkin kai, aka buɗe telebijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. A lokacin ƙwararrun malaman lakwal ƙalilan ne, yaran da ke shiga makaranta kuma ba su taka kara sun karya ba. Sai aka ce to, a tara gwanayen koyarwa wuri ɗaya su shirya darasi, a watsa shi ta akwati, a aji kuwa a sa matashi mai takardar gama firamare wanda aka ba horo na ƴan watanni ya lura da yara. A matakin gwaji an kai azuzuwa kimanin 20 da yara wajen 800 a Yamai da kewayenta. Masana daga ƙasashe dabam dabam suka riƙa zuwa kallo, suna komawa suna yabo: yara suna son makarantar, ba su gudu, bakinsu kuma ya buɗe da Faransanci. Wannan duk gaskiya ne. Amma shirin bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasa ba. Kuɗinsa da yawa, ƙwararrunsa baƙi ne, kayan gyaransa daga waje suke zuwa, ga kuma rashin wutar lantarki a karkara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya kwanta, gidan da kayan aikin suka zama tushen telebijin na ƙasa, Télé Sahel. Ƙasar Kodebuwa ta ɗauki irin wannan shiri ta faɗaɗa shi ƙwarai daga garin Buwake tun 1971, ita ma a farkon shekarun 1980 ta rufe shi, bayan iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara sun iya surutu amma rubutu ya gagare su.

Ku lura da kyau, ƴan'uwa. Akwatin ya iya jawo yaro zuwa aji, wannan babu shakka. Abin da bai iya ba shi ne ya duba kayen yaro ya ga inda ya karkace. Ranar da baƙi suka naɗe kayansu kuma, abin da ya rage wa ƙasa shi ne abin da take da shi tun farko, wato mushe da alli da baƙin allo.

An sake irin wannan jarrabawa a wata nahiya da kwamfuta. Gwamnatin ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta raba wa ƴan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, kowane yaro da tasa. A shekarar 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara 319: bayan wata goma sha biyar yaran sun iya sarrafa kwamfuta sarai, amma a lissafi da karatun harshe ba su fi waɗanda ba a ba su ba.

To, kada wani ya ce ashe ke nan babu amfani. Ga wani labarin daga cikin gidanmu. A shekarun 2009 da 2010 an gudanar da karatun yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci, maza da ajinsu, mata da nasu. Malamai iri ɗaya ne, darasi iri ɗaya ne. Sai dai a rabin ƙauyukan an ƙara abu guda: an koya wa ɗalibai yadda ake kunna ƙaramar salula, a gane lambobi da baƙaƙe a jikinta, a rubuta saƙo a aika. Wayoyin ma ba masu tsada ba ne, kuma mutum biyar ke tarayya a kan ɗaya. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi sawun abin, suka tarar waɗanda aka koya wa salula sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji bambancin bai ɓace ba. Me ya jawo haka? Ba wani darasi ne aka zuba a cikin wayar ba. Bukata ce. Manomi yana son ya san farashin wake a kasuwa kafin ya ɗaura wa amalanke, uwa tana son ta aika wa ɗanta da ya tafi cin rani saƙo ba tare da ta roƙi wani ya rubuta mata sirrinta ba, saƙo kuma ya fi kira araha. Baƙin da aka koya da rana a gaban malam, da dare an sami inda za a yi aiki da shi. Ga malam a tsaye, ga bukata a gaba, sai na'ura ta zama jaki mai ɗaukar kaya. Yaron da aka miƙa wa waya aka juya masa baya kuwa, shi ne jakin, ita ke bisansa.

Yanzu bari mu shiga makarantar allo, domin a nan ne abin ya fi taɓa mu. Da yawanmu mun zauna a gaban malam muna ƙanana, amma ba kowa ya tsaya ya yi tunanin hikimar da ke cikin tsarin ba. Yaro zai wanke allonsa ya shanya, ya feƙe alƙalami, ya dama tawadar gawayi da ƙaro. In ya wuce babbaƙu da farfaru ya fara rubutu da kansa, zai rubuta ya kai wa malam, malam ya bi shi ɗigo ɗigo, ya gyara wasalin da ya kauce, sannan ya biya masa. Ya koma wurin zamansa ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, safe da yamma da gefen wuta da dare. Ba za a ce ya wanke ba sai ya zo ya kawo karatun babu gargada. Hannu ya yi aiki, ido ya yi, kunne ya yi, harshe ya yi. Sannan babban sirrin: allon wankewa ake yi. Yaro ya san cewa gobe rubutun nan zai bi ruwa, ba shi da wani gida sai ƙirjinsa. Masana harkar koyarwa na wannan zamani, bayan gwaje-gwaje masu yawa, sun tabbatar da cewa tilasta wa ƙwaƙwalwa ta fito da abu da ka, da kuma maimaita shi a rarrabe cikin kwanaki, sun fi sake dubawa a takarda kafa shi a zuciya. Kakanninmu ba su karanta waɗannan bincike ba, amma da su suke aiki, shi ya sa ake tilawa, shi ya sa gardi ke satu da ka.

Ita waya ba a wanke ta. Kome yana nan a ciki, yau da gobe da jibi, sai zuciya ta saki jiki ta ce ai ina da shi. Ɗalibi ya ɗauki hoton baƙin allo maimakon ya kwafa a kaye, ya tara littattafai ɗari uku a ɗan katin waya bai karanta shafi goma ba, ya naɗi muryar malam da niyyar zai saurara daga baya, bayan nan kuwa ba ta zuwa. Ranar da wayar ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya fizge ta a tasha, sai malantar ta tafi tare da ita.

Akwai kuma wata matsala da iyaye da yawa ba su lura da ita ba. Karatun da muka gada a allo ruwayar Warshu ce, da rubutun Magrib. Mafi yawan abin da ke cikin wayoyi kuwa ruwayar Hafsu ce, da rubutun Gabas. Dukkansu Alƙur'ani ne ingantacce, babu mai ja a kan haka. Amma a rubutunmu harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun Gabas fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ke nan abin da yaro ya sani ƙaf ne a allo, fa ne a waya. Tun daga Fatiha ma akwai kalmar da Hafsu ke ja, Warshu ba ya ja, ƙidayar ayoyi kuma ta bambanta. Babba wanda ya sauke zai gane, amma kolo mai izu biyu da ke jin malam da safe, yana jin waya da dare, sai ya cakuɗa ruwaya biyu ya fito da wadda babu wanda ya ruwaito. Ba laifin wayar ba ne, ba kuma laifin yaron ba ne. Babu wanda ya zaɓa masa abin da zai saurara.

Mun sani an ƙirƙiro manhajoji, irin su Tarteel, waɗanda ke sauraren mai karatu su nuna masa kalmar da ya tsallake ko ya musanya. Mahaddacin da ba shi da mai riƙe masa Mus'hafi zai amfana da su, muna kuma yi wa masu yin su fatan alheri. Amma na'ura ba ta san cewa yaron nan yau bai karya kumallo ba, ko uwarsa na kwance, ko gargadarsa ta tsoro ce ba ta rashin bita ba. Yaro ba ya jin kunyarta. Ba ta da malamin da ta karɓa daga gare shi, ballantana ta ba da izini, alhali wannan Littafi baki da baki aka karɓe shi, tun daga Mala'ika Jibrilu da ke bitarsa da Annabi (S.A.W.) kowane watan azumi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne fatawa. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT da ire-irensa suka fito, matasa sun fara tambayar ƙirƙirarriyar basira hukuncin saki da gado da azumi. Tana amsawa da lafazi mai daɗi kamar ta yi shekara ashirin a zaure, wani lokaci kuma ta ƙaga hadisi ta jingina shi ga Buhari har da lamba, ba ta san ta yi ƙarya ba. Masu yin ta da kansu sun rubuta gargaɗin cewa tana kuskure. Malamin da ya yi fatawa zai tsaya gaban Allah a tambaye shi. Ita wa za a tambaya? Muhammadu ɗan Sirina, babban tabi'i, ya gargaɗi mutane su duba wurin wanda suke karɓar addininsu, Imamu Muslim kuma ya kawo maganar a gabatarwar littafinsa. Wannan gargaɗi ya hau kan guntayen wa'azin nan na minti biyu da ake yankowa ana yaɗawa, an sare kai an sare ƙafa, har maƙwabta su daina gaisawa a kan maganar da mai ita bai faɗe ta haka ba.

Sai batun himma, wadda ita ce masu tallar na'ura suka fi kafa hujja da ita. Sukan ce ku dubi yadda yaro ke ɗoki, ba a kore shi zuwa karatu ba shi ke rugawa. Gaskiya ne, mun gani. Amma ɗoki iri biyu ne. Akwai na sabon abu, wanda yake kamar wutar kara, ta tashi bal-bal ta mutu kafin tukunya ta yi zafi. Masu ƙera manhajojin nan sun san haka, shi ya sa suke ta ƙara mata kara: taurari, maki, tafi, launi, ƙara. Yaron da ya saba sai an yi masa tafi kowane minti, ranar da aka ajiye masa Ahalari ko Iziyya ko lissafi mai tsawo a gaba, sai ya ji kamar an sa shi noman fako. Ilimi kuwa yana da wuraren da babu daɗi a cikinsu, sai haƙuri, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hukumar UNESCO ma, a rahotonta na 2023 a kan na'urori da ilimi, ta ce kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai tana raba masa hankali, ta kuma yi kira kada a shigar da na'ura aji sai inda ta tabbata tana taimakon karatu. Faransa ta hana ƴan firamare da ƴan kwaleji amfani da salula a makaranta tun 2018. Waɗanda suka riga mu samun abin ke nan suke ɗaure shi, mu kuma muna sayar da akuya mu kwance.

Himma ta biyu ita ce wadda ta zaunar da Yahaya, ita ce ta fitar da Shehu Usmanu, haifaffen Maratta a nan ƙasar Ƙonni, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Tushenta niyya, abincinta kuwa ganin mutumin da kake so ka zama kamarsa. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin Rabi'a, ta umarce shi ya fara koyon ladabin malamin kafin iliminsa. Ladabi ba a naɗarsa a kaset. A zaune ake ganinsa: yadda malam ke alwala, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake cewa ban sani ba. Muna kuma jin tsoron wata cuta ga yaranmu masu murya, waɗanda ake ɗauka suna karatu ana sakawa a TikTok, ana ƙirga masu kallo. Hadisi ingantacce ya zo a kan makarancin da ya yi karatu don a ce masa makaranci, da abin da zai tarar ranar Alƙiyama. In babba yana fama da riya, ina ga yaro ɗan shekara tara da uwarsa ke nuna masa mutum nawa suka yaba shi yau?

A nan dole mu juyo kan kanmu, mu malamai, domin in mun ɗora wa na'ura laifi duka mun zalunce ta. Me ya sa yaro ke gudun zaure yana rungumar waya? Wani lokaci don waya ba ta dukansa ne. Ba ta zaginsa, ba ta kiransa daƙiƙi a gaban ƴan'uwansa, in ya ce ta maimaita sau goma za ta maimaita ba ta ɗaure fuska ba. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya ƙayyade cewa horo a kan karatu kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Ibnu Haldun ya bayyana cewa tsanantawa tana koya wa yaro kasala da ƙarya da munafunci. Mu kuwa a wasu wurare dorina ce mataimakin malam. Malamin da ke zaune gaban yara tamanin, kansa a sunkuye yana latsa tasa wayar, wani babban almajiri na zagaye da bulala, ba shi da bakin da zai yi wa'azi a kan giwa. In muna so yara su zaɓe mu, sai mu zama abin zaɓa. Babu laifi malam ya kunna wa yara karatun Alhusari na Warshu su ji maddi da gunna daga bakin gwani, sannan ya kashe ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Babu laifi mushe ya nuna hoton yadda jini ke zagaya jiki, abin da alli ba zai iya zanawa ba. Sharaɗin dai shi ne ya san abin da zai nuna tun kafin ya shigo, ya kuma san lokacin kashewa.

Shekarar 2020 ta isa ta zama darasi. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan daga watan Maris har farkon Yuni, an yi ta maganar karatu daga nesa. Amma a ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuma abin bai kai haka ba, wa ya yi karatun? Ɗan mai hali a birni, wanda ke da waya da kuɗin mega da uba mai tsaya masa. Ɗan talaka a ƙauye ya bi awaki. Na'ura ba ta daidaita mai shi da marar shi, sau da yawa ƙara tazarar take yi. Muna kuma jan kunnen masu cire ƴaƴa mata daga makaranta da hujjar wai ga karatu nan a waya, ba sai sun fita ba. Wannan ba hujja ba ce, Nana Asma'u ma mutum take aikawa.

Saboda haka, kai uba mai tambaya, ga abin da muke gani. In ɗanka bai kai munzalin da zai iya tsare kansa ba, kada ka mallaka masa waya tasa ta kansa. In mushe ya aiko da aiki, a buɗe a taka ko ta uwarsa, a tsakar gida, ana ganinsa, in ya gama a karɓa. In ya girma har bukata ta kama a saya masa, to kada ta kwana a ɗakinsa, kada kuma ta shiga zaure ko aji a kunne. Je ka wurin malaminsa ka tambaye shi wace ruwaya yake biya masa, wane makaranci ya dace ya saurara, a zuba masa wannan kaɗai. Kada ka ce kai ba ka yi boko ba, ba ka san kan waya ba. Ba sai ka san kanta ba. Ka san ɗanka, ka san lokacin da ya kwanta, kana kuma iya cewa ya rufe kome ya karanta maka abin da ya koya yau da ka. In ya iya, kunnenka zai gaya maka. In ya fara lalube yana satar kallon aljihu, ka sami amsarka.

Sannan ka zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah: nawa ke fita daga gidanka kowane mako na kati da caji, nawa kuma kake ba malamin allo kuɗin Laraba? Akwai gidajen da yaro ke ƙona na mega a yini ɗaya abin da ya fi wanda ake kai wa malaminsa a wata, kuma ko wannan ɗin sai malam ya aiko an yi ta kai da kawowa. Mutumin da ke zaune da ɗanka tun hantsi, yana gyara masa harafi, shi ma yana da iyali, hatsi kuma ba ya sauko masa daga sama. Muna roƙon kwamitocin masallatai, kafin su karɓi tayin duk mai son kawo wa makarantarsu na'urori, su fara tambaya wa zai koya wa malamai aiki da su, wa zai gyara in sun lalace, ina wutar da za a yi caji, su kuma duba ko an biya malaman haƙƙinsu na watan jiya.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ilimi mai amfani da aiki karɓaɓɓe. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.